Kunnen Baba

Mun bar Damagaram tun ladanin Zango bai gyara murya ba.
Bido huɗu na ruwa, biyu na esansi,
buhun gawayi, tabarma uku,
kilishi a ƙunshin takardar siminti,
da butar shayin da ta girme ni.
Baba a kujerar gaba,
shi da ya shekara talatin da ɗaya yana jan kamyo a hanyar nan
kafin yana ta sauko ta lulluɓe masa idanu.

Duwatsun Birni suka raka mu da kallo,
jibga-jibga, kamar shanun da suka ƙi tashi.

Dab da Mirya ya ce, "Rage wuta, akwai kwana."
Akwai kuwa.
A Gidimuni ya shaƙi iska,
ya ce, "Dabino da danshi. Tafki bai ja baya ba bana."
Ni mai idon sai da na leƙa.

Bayan Gure kwalta ta yi mana sallama.
Mutari ƙanena ya sauka ya rage iskar tayoyi,
duk da haka sau biyu muka kafe.
Na taka, na sake takawa, mota na kuka, tana haƙa wa kanta kabari.
"Rairayi ba a yi masa tsawa," in ji Baba.
"Lallaɓa shi kamar surukin da kake bin sa bashi."

A bakin rijiyar Tasker wani tsoho ya yi tari.
Baba ya juya: "Wardugu, ashe ba ka mutu ba?"
Suka riƙe hannu har inuwar raƙumi ta gota.
Ya ba mu cuku biyu, ya ƙi karɓar ko dala.

Rana ta uku, da la'asar sakaliya, Termit ya fito.
Muka shimfiɗa tabarmi a gindinsa,
Mutari ya binne gurasa a toka,
gawayi na ƙas-ƙas, ba wani motsi kuma
sai ƙarfen mota da ke hucewa.

"To, faɗa mini dutsen," in ji shi.
Na ce baƙi ne. Na ce dogo ne.
"Wannan ko makaho ya sani."
Na ce kamar tukunyar da aka manta a kan murhu
ta ƙone ta tsage,
yashi kuma yana hawa ta tsagun kamar yana neman abin da ya saura.
Ya gyaɗa kai. "Ka fara gani."

Can ya ce, "Hannun hagu, ƙarƙashin dutsen da ya rabe biyu,
akwai wata aduwa.
Kwana tara na yi a inuwarta da fasasshen lagireto,
shekarar da aka haife ka.
A nan na zaɓa maka suna, ban ma san namiji ba ne."

Na haska tocila.
Kututture ne kawai, fari, iska ta suɗe shi.
Na ce, "Tana nan, Baba."

Ya yi dariya har da tari.
"Yaro, da tana nan
ai da na ji iska a cikinta."

Ba wanda ya ƙara magana.
Taurari suka sauko ƙasa-ƙasa,
Kaza da ƴaƴanta ta tsaya saitin butar shayi.
Sanyi ya shigo ta ƙafa.
Na lulluɓa masa bargona, ya yi kamar bai farka ba.

Da asuba akwai sawun barewa
ya zagaya tabarmarsa ya wuce.
Na kama hannunsa na ɗora a kai.
Ya daɗe a durƙushe, yana karanta shi da yatsa.

Yau wata biyar da dawowarmu.
Motar na ƙofar gida, a Garin Malam.
Habsu ta ce in kai ta wanki,
yashi ya cika ƙarƙashin kujerar gaba.
Na ce mata gobe.